Mai Gilashi da Shatin Janbaki

Tana tsaye a ƙofar banɗakin aminiyarta marigayiya, tana kallon mutumin da aka kira ya cire babban madubin kafin a mayar wa mai gida makullinsa. Ba ta san shi ba. Dattijo ne siriri mai furfura, da tsohon tabo daga bayan hannunsa har gwiwar hannu. Da gani, gilashi ya taɓa koya masa hankali.

Ya ɗauko tsumma zai goge madubin don salatif ya kama.

"Baba, don Allah kar ka taɓa gefen nan," ta ce.

Ya duba. A kusurwar ƙasa akwai shatin yatsa na janbaki. Nan marigayiyar take goge hannu in tana sauri.

Ya ajiye tsumman. Ya manna salatif a gicciye, ya kauce wa wurin. Ya zura siririyar waya ta bayan madubin, yana ja hagu da dama, yana yanka gam ɗin a hankali. Gilashin ya yi ƙara. Ta matso da sauri.

"Matsa baya, 'yata. Gilashin ma tsoro yake ji."

Ta raya a ranta, wataƙila dattijon ma akwai wata riga a gidansa da bai yarda a wanke ba.

Madubin ya rabu da bango lafiya. Ya rungume shi, ya juya kusurwar nan sama, inda ko hannun rigarsa ba zai shafe ta ba.