Hannun da Kaka Ta Ɗaure

Ƙarar ƙwayar wake idan ta faɗa cikin kwanon tasa, ita ke mayar da ni gidanmu na unguwar Nima, gidan haya mai ɗaki tara da famfo ɗaya.

Bahaguwa aka haife ni. Mma, mahaifiyata, wake da shinkafa take sayarwa a bakin titi, kuma ka san a garin nan ba wanda zai karɓi abinci daga hannun hagu. Kakata, wadda ta zo daga Nijar tun tana budurwa, ita ta ɗauki gyarana a kanta. Kullum da la'asar takan ɗaure mini hagu a ƙugu da tsohon ɗankwali, ta ajiye tiren wake a gabana. In tsince shi ɗaya bayan ɗaya da dama, mai kyau cikin tasa, mai ƙwari a ƙasa. Ruwan damina na dukan kwanon rufi, ƙamshin karan dafi na tashi daga tukunya, ni kuwa ina kuka.

"Yi kukanki," in ji ta, "amma hannun ya ci gaba."

Na ƙi jininta shekaru. Har ta rasu ban taɓa gaya mata na huce ba.

Na girma na gaji teburin Mma. Bara, wata safiya ina zuba wa mutum abinci, ludayi ya suɓuce mini, bakina ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki, aka ce, ɓarin dama. Ina kwance a asibiti Mma ta rasu. Ban yi mata wanka ba, ban ga fitarta ba. Wannan zan bar shi a nan.

Magana ta dawo, ƙafa ta dawo da ja, hannu ya ƙi. Teburin yana jingine a bango, kuma wata mai sayar da ayaba ta fara ajiye kayanta a wurinmu. In ban koma ba, wurin ya tafi.

Matar da ke motsa mana gaɓoɓi a asibiti ta ce muddin hagu na yi mini komai, dama ba zai farka ba. Ta ce a riƙa ɗaure mai lafiyar, in tsinci ƙananan abubuwa da mai ciwon. "Kuna da wake a gida?" ta tambaye ni. Na yi dariya har ta tsorata.

'Yata ce ta ɗaure ni, da ɗankwalin Mma. Ranar farko ƙwaya uku na ɗaga kafin magariba, biyu suka faɗi ƙasa. Na gaji, gajiyar da ban san sunanta ba. Sau da yawa na ce a kwance ni, sai in ji muryar Kaka a kunnena, in sake miƙa yatsu. Wata biyar muka yi a haka.

Ranar da na koma titi, wanda ya fara zuwa wani tsohon direban trotro ne, motar haya, mai saye tun zamanin Mma. Na ɗebo da dama, abinci na zuba a gefe.

"Hajiya, ba da hagun mana, ba komai. Fasinja na jira."

"Su jira, Baba direba."

Ya jira. Da ya karɓa ya leƙa cikin ganyen da na zuba masa abincin ya ce, "Hannu ya warke, amma rowar yaji tana nan yadda Mma ta bar ta."

Yanzu gidan ya zama bene, famfon ma babu. Jikata bahaguwa ce, kuma ba wanda ya ɗaure ta, ni ma ba zan ɗaure ba. Har yau hannuna ba ya rufuwa duka, kafin azahar ya yi nauyi. Amma da shi nake ɗaga addu'a, kuma bayan Mma, Kaka nake fara ambata. Na huce, Kaka. Na gode.