Buhun Farar Ƙasar Dija

Shekara takwas ke nan da rasuwar ƙanwata Dija. Fatauci ya kai ni Duwala da Khartum da Istanbul, amma ban taɓa ganin mai son farin bango kamarta ba.

A ƙauyenmu na gindin dutse, kowace rani mata kan haƙo farar ƙasa daga wani kogo, su daka, su tankaɗe, su jiƙa, su shafe ɗakuna. Tun tana 'yar shekara goma Dija take tankaɗe, har gashin idonta ya yi fari fat. Da mahara suka shiga garin, da ƙafa ta iso sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi da 'ya'yanta. Ranar da hanya ta buɗe, ba ta aika a duba mata tukwane ko akuya ba. Buhun farar ƙasa ta ce direba ya kawo mata.

Na zo daga gidana a unguwar Demsawo na same ta da rariya. Na damƙi garin ƙasar, sai na ga wasu siraran zare a ciki suna ƙyalli. Na taɓa raka wani abokin cinikina ta'aziyya ƙauyensu a Turkiyya, inda bango yake fari kamar namu. Shi ya gaya mini ƙasarsu tana da asbestos, irin wanda ake yin silin da shi, haka Allah Ya halicce shi cikin dutse. Ƙurarsa tana maƙalewa a huhu, ba ta nuna kanta sai bayan shekaru masu yawa.

Na ce, "Dija, wannan ƙasar tana iya kisa."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Hamma," haka take kirana da Fulatanci, wato yaya, "yawon duniya ya sa ka tsoron ƙasar da aka binne cibiyarka?"

Na ɗebi ƙasar na kai wa wani masanin duwatsu, ya duba ya tabbatar. Lokacin har likita ya ga ruwa a ƙirjinta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne 'yarta Ummi, wadda ta karɓi rariyar, da maƙwabta da ke zuwa ɗiba a kwano. Na yi bayani da Hausa, na yi da Fulatanci, ba wadda ta saurare ni. A ganinsu ragowar gida nake son raba su da shi.

Dija ce ta tara su tana jingine da filo. Ta sa aka jiƙa buhun sharkaf, aka haƙa rami mai zurfi aka jefa shi. Ta ce, "Mun bar gida sukutum ba mu mutu ba. Buhu ɗaya ne zai gagare mu?" Ummi ce ta fara tura ƙasa a kai.

Yau mutanenmu da yawa sun koma, sun toshe bakin kogon da duwatsu. Ummi tana unguwar Bako da mijinta, fenti take saya a kasuwar Jimeta. Da Dija za ta gani, na san sai ta taɓe baki ta ce yana wari, farinsa kuma na asibiti ne. Amma za ta ga wani jan layi mai lanƙwasa da ita Dija ta saba ja a gindin bango, Ummi ba ta bar shi ba.

Makon jiya na je gidan Ummi. Jikar Dija, mai sunanta, ta sheƙo da gudu tun daga bakin titi ta faɗa jikina tana haki. Na ɗora kunnena a bayanta na saurara. Allah Ya ji ƙanki, Dija. Numfashin yarinyar lafiya lau yake.