Rumbun Mijin Yaya

Shekarar da ruwan sama ya ɗauke, hatsi yana cikin fitar da kai, ina da rumfa a kasuwar Damagaram, ina sayar da tabarmi da faya-fayi da igiyar kaba. Sana'ar da na taras a gidanmu ke nan. Da kaka ta zo babu abin girba, kasuwa ta mutu. Mutanen ƙauye suna shigowa da awaki su sayar su auni tiya, ba wanda yake waiwayar tabarma. Sai in wuni ina kakkaɓe ƙura a kan kaya, in maraice ya yi in naɗe su yadda na shimfiɗa.

A lokacin ne aka ce wani saurayi da ya yi karatu a Yamai ya buɗe formasiyo, yana koya wa mutane sayar da kaya ta waya. Yakan ari aji a wata lakwal ranar da yara ba su zuwa. Ɗana da ke Agadas ya riga ya aiko mini da babbar waya, ni kuma na ɗan taɓa boko ina yaro, ina iya haɗa baƙi. Na tafi. Duk ajin ni kaɗai ne mai furfura, na ƙudundune a bencin yara, gwiwata tana dukan tebur.

Mushe muke kiransa, wato malam da Faransanci, kuma ya iya koyarwa. Ya ce a goge idon waya da bakin riga kafin a ɗauki foto. A shimfiɗa kaya a hasken safe, a kawar da shara daga baya. Wanda ya tambayi kuɗin kaya a amsa masa nan take, ko da murya ce. A shiga gurup na 'yan Damagaram mazauna Yamai da Kano da ƙasashen waje, don su ne masu kewar kayan gida. Kada a saki kaya sai kuɗi sun faɗo a waya, sannan a kai tasha a damƙa wa direba. Duk na yi. Aka yi ta ce mini kayan sun yi kyau, amma ba mai saye.

Na kai wa Mushe kuka. Ya karɓi wayar ya yi ta turawa da yatsa.

"Baba, wannan tabarma ce kawai," in ji shi. "Tabarma tana ko'ina. Wa ya saƙa ta? A ina take zaune? Mai saye labari yake so, tabarmar daga baya take biyowa."

Bai ce mini komi ba bayan wannan. Sauran ni na ƙaro.

Tabarmin da suka fi kyau a rumfata yayata ce take saƙa su. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, har na tsufa Auta take kirana. Tana aure a wani ƙauye gaba da Droum. Mijinta manomi ne na gaske. A wani fari da aka yi can baya, rabin ƙauyen daga rumbunsa suka samu irin shuka. Bai taɓa tafiya cin rani ba, bai taɓa tsayawa layin taimako ba. A masallaci wurinsa sahun gaba ne, kuma in ruwan farko ya sauka ana jira a ga ko ya fita da sungumi kafin kowa ya fita. Akwai wasa tsakanina da shi, kamar yadda aka saba tsakanin mutum da ƙanen matarsa. Ɗan birni yake ce mini, wai hannuna ya fi na amarya laushi.

Da na je da waya na ce wa Yaya zan ɗauke ta tana saƙa, sai ta shiga ɗaki ta ɗauro zanenta na zuwa suna, ta sa kwalli.

"Yaya, koma ki sa na ɗazu."

"Na ɗazu ai na shara ne, Auta."

"Shi nake so."

Ta dube ni, ta koma ta sauya. Na zaunar da ita gindin katangar da ta tsage, na ce ta daina murmushi. Fotunan nan suka buɗe mini kasuwa. Na rubuta cewa tsohuwa ce da fari ya cinye musu gona, da kaba take ciyar da jikoki. Ba ƙarya na yi ba, da wannan na riƙa kwantar wa kaina hankali. Tabarmi suka fara tafiya, ina aika mata rabonta.

Bayan 'yan watanni abin ya ja baya. 'Yan ajinmu sun ga yadda na yi, kowa ya nemo tsohuwarsa. Gurup ya cika da tsofaffi a gindin katanga. Na koma ƙauyen da bazara ina neman abin da wani ba shi da shi.

A wurinmu rumbu na maigida ne. Mace ba ta leƙa shi, ɗa ba ya leƙa shi, balle baƙo. Maigida ne yake hawa, ya ɗaga hular ciyawa, ya shiga ya fito da abin da za a ci, kuma abin da ya rage a ciki tsakaninsa ne da Allah. Kowace safiya mijin Yaya yakan jingina tsani ya hau a natse, maƙwabta suna hangensa ta saman danga, ya sauko da ƙwarya a rufe da faifai. Ni ɗan kasuwa ne, idona ya faɗa kan abin da ke cikin ƙwaryar. Sussukakken hatsi ne. A rumbu damma ake zubawa, da zangarniyarsu. Sussukakke daga bakin ma'auna yake fitowa. Na duba turke, babu akuya ko ɗaya.

Da ya tafi kasuwar Droum na sami Yaya tana jiƙa dilo, 'ya'yan anza masu ɗaci da ake ci in an rasa.

"Yaya, rumbun nan babu komi a ciki."

"Rage murya."

"Awo yake yi a ɓoye ya zuba, da safe ya hau ya ɗebo."

"Tun kaka na sani," ta ce, ba ta ɗago kai ba. "Kuɗin tabarmata ma a ƙarƙashin buzunsa nake ajiyewa, ba ya tambaya, ba na faɗa. Ban leƙa ba, kuma ba zan leƙa ba. Kai ma ka bar shi."

Na ɗauko tsanin.

Ta taso da ruwan dilo a hannu ta riƙe ƙafar wandona. Ta ce don Allah, ta ce don nonon da muka sha. Na ce mata wannan ne zai cika mata rumbun, ita ba ta san yadda duniya ta koma ba. Na fizge ƙafata na hau, na ture hular ta faɗi ƙasa.

Ciki a share yake tas. Sai wani ɗan ƙullin buhu a gefe, da tsaka a manne da bango. Na kunna waya na zagaya da ita sannu-sannu yadda Mushe ya koya mana, kada hannu ya yi rawa. Na gyara murya na ce, "Jama'a ku duba, ko ƙwaya babu. Wannan rumbun mutumin da ya taɓa ciyar da gari ne." Na faɗi sunan ƙauyen. Na juyo da wayar ƙasa inda Yaya take tsaye, ta ja mayafi ta rufe fuska. Wannan ma na bar shi a ciki, don na ga ya yi kyau.

Na tura bidiyon a gurup, kafin in kai Damagaram waya ta fara kuka. Ban taɓa ciniki irin na kwanakin nan ba. Kullum ina tasha da ɗaurin tabarmi, direbobi suna ce mini Alhaji, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Mushe ya nuna bidiyon a aji, aka tafa mini. Na ji daɗi ƙwarai.

Ban yi tunanin cewa ƙauye ma yana da waya ba. Akwai mai cajin waya da hasken rana a bakin kasuwarsu, nan samari suke taruwa. Wani ɗan cin rani ya turo wa ƙanensa daga Kano, kafin la'asar kowa ya gani. Direban da yake ɗauko mini kaya ya ba ni labari yana dariya. Yara suna zura kai cikin randa suna kwaikwayon muryata, ko ƙwaya babu. Da safe in mijin Yaya ya fito, sai wani ya ce, "Malam, yau ba a hawa tsani?" Waɗanda suka fi dariya su ne waɗanda suka shuka irinsa a wancan farin. Masu tausayi kuma suka riƙa aiko yara da ɗan hatsi a kwano, a gaban kowa. Direban ya ce wannan ya fi dariyar ƙona shi.

Na riga na yi wa 'yan gurup alkawarin zan nuna musu ranar da taimakonsu ya isa. Na sayi buhun hatsi, aka sauke mini a ƙofar gidan da hantsi. Mijin Yaya yana zaune a kan buzunsa. Mutane suka fara taruwa.

"Ɗan birni, ka iso."

"Na iso, mijin Yaya. Ga abin da duniya ta aiko maka. Matso kusa da buhun ka ɗora hannu, ka dubi nan."

Bai motsa ba. "Ka gama leƙen rumbu, saura cikina?"

"Haba, ai akwai wasa tsakaninmu."

"Wasanmu ni da kai ne. Su waɗancan na cikin wayar, ƙannen matata ne su ma?"

Wani ya yi dariya a bayana, na ji kunya ta taso mini, sai na mayar da ita kansa. Na ɗaga murya don kowa ya ji. Na ce yayata tana cin dilo, jikokinta suna kwana da ruwa a ciki, shi kuwa yana hawa tsani yana yi wa gari wasan yara don kada a tashe shi daga sahun gaba. Na ce kuɗin da yake awo da su ma na tabarmar mace ne, a ƙarƙashin buzun nan da yake zaune ake sa masa.

Wannan ba wanda ya sani sai ni da Yaya da shi.

Ya tashi, ya naɗe buzun ya ajiye a gefe. Ya shiga gida ya ɗauko gatari. Mutane suka ja da baya, amma rumbun ya nufa. Ya yi ta sara, tsoho ne, ƙasar kuma ta bushe ta yi tauri, ya daɗe kafin gefe ɗaya ya rufta. Ba wanda ya hana shi. Ni ina tsaye da waya a sama. Sai da Yaya ta zo ta tsaya a gabana, ta sa tafin hannu ta rufe idon wayar, sannan na sauke.

Buhun ya wuni a ƙofar gida. Da magariba Yaya ta ja shi ciki, saboda akwai jikoki. An ce mijin nata bai taɓa sa hannu a tuwon da aka yi da shi ba, dilo ya ci har ruwa ya sauka.

Daga ranar Yaya ba ta sake aiko mini da tabarma ba. Ban tsaya ba. Na riƙa saye wurin matan Tirmini da Mirriah ina ɗora fotonta a kai, na yi shekaru a haka. Da kuɗin na yi wa gidana rufin kwano.

Damina ta gyaru, mijin Yaya ya yi noma ya samu, amma bai sake gina rumbu ba. A buhuna yake zubawa ya jera a ɗaki. A masallaci ya koma sahun baya, kusa da takalma, yana yin sallama yake fita. In mun haɗu wurin suna ko jana'iza yakan miƙo mini hannu ya ce, "Sannu, Malam." Bai ƙara ce mini ɗan birni ba.

Da ya rasu na je ta'aziyya. Na zauna da maza a waje har aka shafa fatiha, sannan Yaya ta aiko a ce in shiga, amma in bar wayata a zaure. Na same ta a ɗaki, ta rame, carbi a hannu. Muka gaisa, na yi mata gaisuwar rashi, ta amsa.

"Auta, abin nan yana ciki har yanzu?"

"Wane abu, Yaya?"

"Rumbun. Ka cire shi. Ya kwanta yanzu, kada a yi ta leƙa shi."

Na daɗe da gogewa a wayata. Amma yana cikin wayoyin da ban san masu su ba, a garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Na taɓa tambayar Mushe yadda ake janye abu in ya fita, ya ce wannan ba a koyar da shi, don babu shi.

"An cire, Yaya," na ce.

"Duka?"

"Duka."

Ta ce to, Allah ya yi albarka, ta ci gaba da jan carbinta.

Ba a yi sadakar arba'in ba wani ɗan kasuwarmu ya turo mini bidiyon, yana tambaya ko na san wurin. Rumbun ne, da tsakar a bango, da Yaya tana jan mayafi. An cire muryata an sa ta wani yaro da ban sani ba, yana cewa mahaifiyarsa ce, yana tallar faya-fayi.