Malama Dakata

Dakata ba sunanta ba ne. Ɗalibai suka laƙaba mata, kuma ba don ƙauna ba.

Tana koya wa 'yan shekarar farko rubuta umarnin kwamfuta a kwalejin fasaha, a wani ɗaki mai fanka ɗaya da majigin da sai an bubbuga shi yake kamawa. Shekarar da ta fara, hutu guda ta cinye tana haɗa zane mai motsi: akwatuna takwas masu lamba, suna musayar wuri bibbiyu har su jeru daga ƙarami zuwa babba. Har tafi ajin yake yi, ita kuwa kai ya kumbura. Da jarrabawa ta zo, fiye da rabi suka faɗi warwas.

Shugaban sashe bai ɓoye mata ba. "Malama, sinima kika buɗe mana. In aka kuma haka baɗi, wani zan ba darasin."

Ta rufe ofis ta sha kukanta. Abin da ya fi burge ni da baiwar Allahn nan, tana share hawaye ta yarda gaskiya ya faɗa: kallo yaran suke yi, ba tunani ba.

Ba ta yar da zanen ba. Sai dai yanzu akwati na ɗagawa take tsayar da shi a sama. "Dakata! Kai na kusa da taga, ina zai sauka? Me ya sa?" Kallon minti biyu ya koma awa guda. Ɗalibai suka tsane ta, har ƙanwarta da ke ajin sai da ta gaji.

"Haba Yaya, ki bar shi ya ƙarasa mana!"

"A nan Malama nake. Ina zai sauka?"

Ranar jarrabawa mai sa ido ya aika aka kira ta ita da shugaban sashe, wai yara suna ba juna amsa da yatsu. Suka tsaya a bakin ƙofa. Cikin ɗaliban ba mai kallon wani. Kowa ya ɗora yatsu biyu a kan tebur, ya ɗaga ɗaya, ya yi jim, sannan ya tsallakar da shi kamar akwatin zanenta, ya duƙufa rubutu.

Shugaban ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba sata ba ce," ya ce wa mai sa ido. Sannan ya juyo gare ta, murya ƙasa-ƙasa. "Malama, baɗi aji biyu za mu ɗauka. Za ki iya riƙe su duka?"

Kai kawai ta gyaɗa.