Gobe a Bakin Iliyasu Ɗan Bata

Iliyasu na san shi tun yana yawo ba wando a unguwar Hausare, nan Garwa. Ubansa Abdulbaƙi mai goro ne, jikan Kanawan da suka zo fatauci suka ga ruwan Binuwai suka kwance kaya. Uban mutum ne mai rufaffen baki. Ko Marwa zai je, sai an ga gurbinsa ba kowa a masallaci sannan a san ya yi tafiya. Ɗan bai gado shi ba. Iliyasu in ya yi mafarki, kafin hantsi mai shayi ya ji.

Da ya tasa sai ya shiga motar albasa yana karen mota, daga nan zuwa Duwala. A can ya ji labarin Bata, wani gari a ƙasar Gine ta bakin teku inda albasarmu ke da daraja. Ranar da zai tafi ina zaune ƙofar gida ina auna wa mutane man gyaɗa, ya tsaya tsakiyar layi ya ce zai dawo da tirela tasa ta kansa, zai rushe gidan ubansa ya gina bene, zai kai uwarsa Makka. Duk mai kunne a layin nan ya ji, har da maƙwabciyata Aisatu, wadda ta taɓa yaba akuyata da safe, kafin la'asar muka yanka ta tana shure-shure. Aisatu ta ce, "Lallai Iliya ka yi goshi." Na tofar da yawu na ce a raina, an gama da yaron nan.

Ya daɗe a can, har uwar ta rasu ba ta ga Makka ba. Ya dawo da jaka ɗaya, da furfura a gemu, da ɗingishi a ƙafar hagu, da wani yare a baki wai shi Espanyol. In aka tambaye shi ina tirela, sai ya ce takardar zama ce ba shi da ita, aka kwashe masa kaya aka jefa shi mota. Haka yake faɗi. Ni na san inda tirelar ta mutu. A layinmu ta mutu, tun bai sa ƙafa a mota ba.

Ya koma kasa albasa a kasuwa da safe. Ana nan 'yan lise, wato 'yan sakandare, suka gano yaren da ake koya musu a makaranta suna faɗuwa, shi a bakinsa yake kamar ruwa. Suka riƙa binsa da kaye, littattafansu na rubutu, a hannu har rumfa. Ran nan ya zo ya durƙusa mini, wai in ba shi zaurena bayan la'asar.

Na ce, "Me za ka yi da 'ya'yan mutane a zaure?"

Ya ce, "Karatu, Inna. Zulfa ma sai ta zauna, ba sai ta biya ba."

Zulfa jikata ce, marainiya, tun tana goye take hannuna, kuma a shekarar za ta zauna jarrabawar bak, ta kammala lise. Ban da ita ba ni da kowa. Don ita na yarda, amma na kawo tukunyar suyar ƙuli-ƙulina kusa da ƙofar zauren. Mutumin da ya yi shekaru a ƙasar da ba wanda ya gan shi, ba a barinsa da yara kunne na nesa.

Da farko ba abin da na ji sai waƙa. Shi ya faɗa, su amsa: ire, iras, ira. Na tambayi Zulfa, ta ce wai zan tafi, za ka tafi, zai tafi.

"Ina za su?"

"Ba ko'ina, Kaka. Yadda ake faɗin abin da bai zo ba muke koyo. Mu muna sa za a gaba. Su sai su bar kalmar yadda take, su liƙa mata wutsiya a baya. Wutsiyar ce ke nuna wa zai yi."

Na ce mu muna sa ta a gaba kowa ya gani, su suna ɓoyewa a gindi, wannan yare ban yarda da shi ba. Ta yi dariya ta ce tsohuwa ba ta yarda da gishirin miyarta ba ma.

Daga baya waƙar ta tsaya. Sai in ji yaro ɗaya ya miƙe ya yi magana shi kaɗai, a tafa masa, wani ya miƙe. Zulfa ma in an zo kanta sai ta miƙe ta yi nata. Na tsare ta tana wanke-wanke na ce ta juya mini abin da take faɗi, kalma kalma. Ta yi ta kame-kame, sannan ta ce Malam Iliya ya ce kowa ya faɗi gaskiyar abin da zai yi nan gaba, wai abin da ke zuciya ya fi zama a baki. Ita abin da take faɗi shi ne za ta ci bak, za ta tafi Marwa makarantar malamai, za ta dawo ta koyar, za ta saya mini injin matsar mai.

Ludayi ya faɗi daga hannuna. Tafiyar Marwa ba ta dame ni ba, na daɗe da sanin tana so, kuma ni da ita ba mu taɓa furtawa ba ko a ɗaka. Ashe kullum tana miƙewa gaban yara cike da zaure tana zazzage cikinta. A cikin yaran kuwa akwai Ammar, autan Aisatu.

Na fara lissafi. Wanda baki ya cinye, me zai sa ya tara yara yana buɗe musu baki? Ko dai so yake kowa ya dawo da jaka ɗaya irin tasa, ko kuwa wani boka na can bakin teku ya ce masa ya tara sa'ar yara a mayar masa da tasa. Na lura kuma shi bai taɓa faɗin nasa ba. Yara su yi ta zan yi, zan yi, shi yana jingine da bango yana gyaɗa kai.

Ba a jima ba aka yi jarrabawar gwaji a lise. Safiyar ranar Zulfa ta tashi jiki kamar garwashi. Ta je a haka, ranar da sakamako ya fito ta dawo tana kuka da maki mara kyau irin wanda ba ta taɓa samu ba. Aisatu ta leƙo ta katanga ta ce, "Sannu Zulfa, 'yar Marwa." Wa ya gaya mata Marwa?

Da la'asar na shiga zauren da zanin aikina, man gyaɗa har gwiwar hannu. 

Na ce, "Ɗan Bata, sallami yaranka, ka ba ni zaurena."

Ya ce, "Inna, lafiya?"

"Lafiyar ce ta kawo ni. Kai da ka tsaya a layin nan ka kira tirela, ina take?"

"Inna, na gaya miki takarda ce."

"Yarinyata fa, ita ma takarda ce?"

"Sauro ne, Inna. Rabin ajinsu na kwance."

"Rabin ajin wa ya ce musu 'yan Marwa?"

Ya murza hularsa. Sannan ya ce a jarrabawa dole za a ce su rubuta abin da za su yi nan gaba, in ba su saba ba za su faɗi, Zulfa ma za ta faɗi. In na kore shi, ba wanda zai koya mata. Wannan kam na san gaskiya ne, don malamarsu Madam Florentine yara fiye da tumakin kasuwa ne a gabanta.

Na ce, "To, a faɗa. Amma a zaurena ba mai faɗin nasa na gaskiya. Kowa ya ƙirƙiro."

"Inna, ƙarya zan koya wa yara?"

"Ubanka in zai je Marwa aka tambaye shi, cewa yake nan kusa zan leƙa. Ka taɓa jin an kira shi maƙaryaci? Wutsiyar da kuke liƙawa, ta san gaskiya da ƙarya ne?"

Ya ce ba ta sani ba. Na ja kujera na zauna, na ce a fara, kuma duk wanda ya faɗa a juya mini da Hausa.

Ammar ya miƙe ya ce badi zai yi kiwon dorinar Binuwai, zai tatsi nononta ya kai kasuwa. Wata ta ce za ta auri mai gadin gada su haifi kifi. Zauren ya kece da dariya, yaran da da sai an ja su suka riƙa rige-rigen miƙewa. Da aka zo kan Zulfa ta dube ni ta ce za ta zauna a Garwa har ta tsufa, za ta soya ƙuli-ƙuli, za ta zargi kowa. Na ce a maimaita wannan da ƙarfi, a ji har bayan katanga.

Haka aka ci gaba har lokacin jarrabawa. Zulfa ta ci bak. Iliyasu ya ce ƙoƙarinta ne, da kuma yawan maganar da yara suka saki jiki suka yi. Ya faɗi abin da yake so. Ranar tafiyarta na aika ta da galan ɗin mai a ka kamar za ta kasuwa, kayanta kuwa tuni suna tasha. Sai da ta kwana a Marwa Aisatu ta ji.

Iliyasu yana nan, yana kasa albasarsa da safe, da la'asar zaurena cike da sababbin yara masu kiwon dorina. Kwanaki ya zo mini da albasa cikin leda, ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce, "Inna, akwai wani abu da nake shirin yi bayan damina."

Na ce, "Rufe bakinka."

Ya rufe. Na karɓi albasar na yanka kowace biyu na duba cikinta kafin in sa a miya. Tukunyar suyata kuma har yau tana nan bakin ƙofar zauren.