Korar Tsuntsaye

Baffana, yayan mahaifina, ya cuce ni ina ɗan shekara tara, kuma har yau bai san cuta ce ba.

Ranar kasuwa ce a Kasuwar Daji. Ina riƙe da hannun ƙanwata za mu tsallaka titi, ta fizge, motar hatsi ta bi ta kanta. Abin da ya rage a gabana takalminta ne ƙafa ɗaya. Ban yi kuka ba. Na ɗauki takalmin na tsaya.

Ka san ni ɗan fari ne. Uwata ba ta faɗin sunana, balle ta rungume ni gaban mutane. Mahaifina ma kunyata yake ji. Saboda haka maganata tana hannun Baffa. Kakata ta roƙe shi a bar ni ɗakinta kwana bakwai, in ci tuwo kusa da ita, in faɗi abin da na gani in ina so. Ya ce za a lalata yaro. Washegari ya kai ni gonar gero korar tsuntsaye, ya ce, "Ba ka ga komi ba. Ka ji ko?"

Har aka yanke geron ina kan rumfa ni kaɗai, ina jan igiyar gwangwanaye. Ƙamshin ɗanyen gero, rana, ƙarar gwangwani, sai motar nan da ke ta dawowa cikin kaina. Bayan nan makaranta ta ƙi shiga, aji huɗu na tsaya. Na yi aure, an haihu, an mutu, ni dai kallo nake.

Bana 'yan bindiga suka tare hanyar Zurmi, ɗana na uku yana cikin motar, aka harbe direba a gabansa, shi ya tsira da ransa. Ma'aikaciyar jinya a asibitin Kaura ta ce kwanakin farkon nan su ne magana: kada a bar shi shi kaɗai, kada a matsa masa, in ya fara faɗi a saurara. Abin da kakata ta faɗa ke nan, ita da ba ta taɓa shiga aji ba.

Baffa ya zo jaje yana dogara sanda, ya ce a tura yaron kiwo, zai manta.

Na zauna gabansa na ce, "Baffa, yaron nan ɗakina zai kwana. Kai kuwa ran da ka mutu zan yi maka wanka, in yi maka salla. Amma ba zan ji komi ba. Kai ka koya mini."