Fitsarin Aro

A shekarun da taki ya gagari talaka, tuwo ya koma sau ɗaya a rana, kawuna ya taka tsinin karan gero a gonarsa ta bayan gari. Bai ji ba, domin ciwon sukari ya riga ya kashe masa tafin ƙafa. Sai da gyambon ya fara wari sannan ya yarda na kai shi asibiti a Ɗanbatta.

Likita ya duba ƙafar, ya ce sukarin da ya ci jijiyoyin jinin ƙafa yakan ci ƙoda ma, don haka a gwada fitsari. Kawu ya harare shi.

"Ƙafa na kawo maka, yaro. Me ya kai ka ga fitsarina?"

Da muka leƙa ɗakin gwajin, sai ga mai karɓar kwalabe, ashe uwar matar ɗansa ce. Suruka! Mutumin da ko ruwa ba ya sha a gabanta, shi ne zai miƙa mata fitsarinsa da ɗuminsa? Ya ja ni bayan banɗaki, ya danƙa mini kwalbar.

"Yi mini. Fitsari ai duk fitsari ne."

Ni kuwa, da gemuna da 'ya'yana uku da takardar sakandare da nake taƙama da ita, na yi masa. Har ina jin na fitar da babba kunya.

Sakamako ya fito fes. Aka wanke gyambo, aka ba shi ƙwayoyi, muka dawo. Kawu ya naɗe takardar sakamakon a aljihu, duk majalisar da ya zauna sai ya zaro ta: likita ya ce ƙodarsa ta matashi ce. Ba ƙarya ya yi ba.

Kafin kaka fuskarsa ta cika, ƙafafunsa suka yi suntum. A garin da kowa ya rame, mutane suka shiga yi masa barka da ƙiba. Wasu har suna gulmar yana da rumbun da ya ɓoye. Shi ma ya fara tafiyar masu hali, yana jan ƙafa ɗaya. Ni na san kumburi ne, na kuma san dalili, amma na ja bakina na yi shiru, don kada a ce na tona asirin babba.

Da fitsarin ya ɗauke masa gaba ɗaya, muka kwashe shi zuwa Kano. Likitan can ya karanta tsohuwar takardar har sau biyu, ya ce bai gane yadda ƙoda mai lafiya haka za ta lalace cikin 'yan watanni ba. Da an ga alama tun farko, in ji shi, da an tare abin.

Kawu ya dubi silin. "Ikon Allah ne, likita."

Na gyaɗa kai, kamar sakaran da nake. Bayan kwana tara muka binne shi, surukarsa ta zo gaisuwa, tana ta yabon kunyarsa. Har yau haushin kaina nake ji. Ƙodata dai lafiyarta lau, ina da shaida a rubuce, da sunan mamaci.